Wai ina ake samun LEGO da araha a Saudiyya?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu yara ku taimaka min da shawara don Allah. Hanif ya ga LEGO, bulon roban nan da yara ke haɗawa, a gidan maƙwabtanmu, tun daga ranar ba ni da sakat, daga ya dawo makaranta maganar kenan. Na shiga wani mol a nan Jidda na duba, ɗan ƙaramin kwali na motar 'yan sanda wai riyal 180. Na ajiye musu abinsu na fito. Da na duba a waya kuma sai ga masu kama da shi har na riyal 35. To wanne ne farashin gaskiya, kuma ina kuke saya? Shekararsa 7. Ga ƙanwarsa 'yar shekara 2 da rabi, duk abin da ya taɓa sai ta taɓa.

Abu_Sumayya_Riyad:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif ki ba shi haƙuri zuwa ƙarshen Nuwamba. Amazon na yin rangwamen White Friday, Noon na yin na Yellow Friday, kafin su kuma akwai na 11.11, wato 11 ga Nuwamba. Wanda ya sayi kayan wasa a farkon wannan watan ya yi gaggawa. In kin rasa wannan, sai Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu, ko rangwamen azumi, ko Ranar Ƙasa 23 ga Satumba. Ni ban taɓa sayen LEGO a cikakken farashi ba.

Zee_Yanbu:
Riyal 180 a kan roba? Allah ya kyauta 😂

Injiniya_Dammam:
Maman Hanif, girman kwali yaudara ne, rabinsa iska ce. Ki duba gaban kwalin ko bayanin da ke shafin sayarwa, za ki ga lambar saitin da yawan guda nawa ne a ciki. Ki raba kuɗin da yawan gudan, shi ne zai nuna miki tsada ko araha.

Ga yadda nake yi. Babban akwatin Classic mai ruwan ɗorawa, lamba 10698, guda 790 ne a ciki. Farashinsa a Amurka kusan dala 60. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, don haka ya kama riyal 225. Ki ɗora harajin kashi 15 na nan, ya zama wajen 259. In kin raba da 790, kowane guda ya tashi halala 33 (halala 100 ne riyal ɗaya). Ƙaninsa, lamba 10696, guda 484 ne, dala 35, da haraji wajen riyal 151, wato halala 31 kowane guda. To wannan ne ma'aunina. In na ga saiti ya sauko ƙasa da halala 30 a guda, na san an yi ragi na gaske. In ya haura 50, sai na tambayi kaina me ke ciki.

Kuma yawanci abin da ke ciki suna ne. Star Wars, Marvel, Disney, duk sai kamfanin ya biya masu sunan, ke kuma a cire a jikinki. Yaro ɗan shekara 7 da bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, Classic ya fi masa. Motar 'yan sanda zai haɗa ta da yamma ɗaya ya gama, akwatin Classic kuwa yau gida, gobe jirgi, jibi masallaci.

Maman_Hanif:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Na koma na duba hoton da na ɗauka, waccan motar ko guda 300 ba ta kai ba.

Injiniya_Dammam:
Kin gani ko. Ta haura halala 60 kenan. Amma a yi mata adalci, masu tayoyi da manyan ɓangarori da 'yan mutane a ciki dole su fi bulo zalla tsada, lissafin guda ba ya kama komai.

Kawu_Sale_Makka:
Ikon Allah. Mu da muka tashi da motar kara da ta gwangwanin madara, mu yanka silifas mu yi taya, yau ga 'ya'yanmu ana lissafin halala a kan bulon roba. 'Yata Maman Hanif, ba hana ki nake ba, amma riyal 259 buhun shinkafa ne da canji. A riƙa tunawa da na gida.

Zee_Yanbu:
Kawu ina za mu samo kara a Jidda? 😂

Kawu_Sale_Makka:
Ke dai Zainabu ba kya rabo da tsokana. Kwali fa? Kwalin ruwa nawa kuke zubarwa kullum?

Ummu_Khalid_Taif:
Kawu ya yi gaskiya ta wani ɓangaren, amma yaranmu a nan ba irin tashinmu suka yi ba. Mu muna da tsakar gida da ƙofar gida da yaran unguwa. Su daga makaranta sai ɗaki, zafi ba ya barin su fita, in ba ka ba su abin yi da hannu ba waya ce za ta raine su. Ni na gwammace bulo da waya.

Amma ba wannan ya sa na shigo ba. Kowa na ta maganar farashi, ba wanda ya kula da 'yar shekara 2 da rabin da aka ambata. Ni nas ce. Ƙananan LEGO akwai gargaɗi a jikin kwalinsu cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, kuma ba ado aka rubuta shi ba. Akwai guda-guda masu zagaye da ba su kai ƙwayar wake ba, yaro na iya haɗiya ko ya tura a hanci. Maman Hanif in za ki saya, ki haɗa da roba mai murfi mai kullewa, ya riƙa wasa a kan tebur ko lokacin da take barci, a shimfiɗa zani a ƙasa a tattare gaba ɗaya in ya gama. Ita kuma Duplo ne nata, manyan nan, kowanne ya ninka na yayanta sau biyu a tsawo da faɗi da tsayi, ba ya haɗiyuwa.

Maman_Hanif:
Anti Ummu Khalid wallahi abin da ke raina kenan. Jiya ma murfin biro na ƙwace a bakinta. To Duplo ɗin ba wani kuɗin ba ne kuma?

Ummu_Khalid_Taif:
Kuɗi ne, kuma lissafin Injiniya ba ya aiki a kansa, don guda kaɗan ne manya-manya. Shi kam na hannu za ki nema. Yara na saurin girme shi, iyaye na neman inda za su kai.

DanMadina_Jamia:
Tun da an zo maganar na hannu, bari in sa baki. Mu ɗalibai masu iyali kuɗin mukafa'a da jami'a ke ba mu ba ya kai mu mol. Manhajar Haraj, inda ake tallan kayan hannu, nake shiga in rubuta ليجو ko ليغو, don kowa da yadda yake rubutawa, in ka nemi ɗaya kaɗai rabin tallan ya wuce ka. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen shekarar karatu, sanda baƙi masu komawa ƙasarsu gaba ɗaya ke zubar da kaya. Wani Bamisre a nan Madina ya sayar min da jakar leda cike, ya ce riyal 150, muka daidaita a 90. Na kawo gida muka juye a faranti babba ni da uwargida muna tsincewa. A ciki har da batir da ya mutu, da cokalin shayi, da kan 'yar tsana. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba na asali ba ne, amma sauran lafiya lau.

Yadda ake ganewa: ku duba ɗan ƙululun da ke saman bulon, na asali kowane ɗaya an rubuta LEGO a kansa da ƙananan haruffa. Ka ce mai kaya ya ɗauko maka hoto kusa-kusa kafin ka tashi mota. Kuma kada ka tura kuɗi sai ka ga kaya da idonka.

Abu_Sumayya_Riyad:
Na Riyad su leƙa kasuwar gwanjo ta Haraj bin Ƙasim, na Jidda kuma ta Sawarikh. Sai dai sa'a ce, wata rana ka samu, wata rana ka sha rana a banza.

Maman_Hanif:
Na hannu ba ƙazanta? Ban san bakin yara nawa ya shiga ba.

Ummu_Khalid_Taif:
Wankewa ake yi. Ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 40, da sabulun wanke-wanke, da hannu. Ki tace a kwando ki baza a tawul a inuwa. Kada ki zuba tafasasshen ruwa, kada ki shanya a rana, zafi na lanƙwasa su su daina kamawa. Masu sitika da masu batir ki ware su, goge su kawai za ki yi.

Hajiya_Balaraba_KJ:
Ni duk wannan wahalar ban gane mata ba. Shekara da shekaru ina kai kayan wasa Kano, ban taɓa sayen mai tsadar nan ba. Ku shiga kasuwar Balad ta Jidda ko shagunan Abu Khamsa masu kayan riyal biyar-biyar, bulo ne iri-iri 'yan Chana, bokiti guda da kuɗin da bai kai na shawarma uku ba. Yaro ina ruwansa da tambari? Jikokina a Fagge da su suke wasa, ba wanda ya ce min Hajiya wannan jabu ne.

Baban_Amira:
Hajiya da girmanki, amma ni na gwada na bokitin nan. Wasu ba sa kamawa, yaro ya gina bene ya ɗaga ya zube, ya fashe da kuka. Wasu kuma in sun kama sai da haƙori ake raba su. Ga wari kamar na taya sabuwa da ya cika ɗakin. Arha ba ta ado.

Hajiya_Balaraba_KJ:
Baban Amira kai ka sayi na banza. Chana ma hawa-hawa ce, kowa ya sani.

Injiniya_Dammam:
A nan Hajiya ta fi ka gaskiya, Baban Amira. Abu uku ne ake cakuɗawa. Akwai LEGO na kamfanin Denmark. Akwai kamfanoni masu sunansu da zanensu, irin su Sluban, Sembo, CaDA, Mould King daga Chana, ko COBI daga Poland, waɗanda bulonsu ke shiga cikin na LEGO daidai. Yin bulo mai shiga na LEGO ba sata ba ne, haƙƙin mallakar tsarin bulon da aka yi wa rajista a 1958 ya daɗe da ƙarewa, kowa na iya yin bulo mai wannan awon. Sai na uku, masu kwafe saitin LEGO sukutum har hoton kwali, su canza harafi ɗaya a suna. Irin su Lepin kenan, da 'yan sandan Chana suka kai wa samame a 2019, aka ɗaure masu shi daga baya. Na ukun nan da marasa suna na bokiti su ne ba ka san da wace roba aka yi su ba.

Kuma kada wani ya ga an rubuta Chana a kwalin LEGO ya ce jabu ne. Kamfanin da kansa yana da masana'anta a Jiaxing, kamar yadda yake da su a Hungary da Mexico da Czech.

Maman_Hanif:
To na riyal 35 da na gani a waya wanne ne a ciki?

Injiniya_Dammam:
In hoton na LEGO ne sak amma babu jan tambarin a kusurwar kwali, kuma an rubuta "ya dace da" ko متوافق مع, to ba shi ba ne. In yana da sunan kamfaninsa a fili, ki karanta ra'ayoyin waɗanda suka saya, musamman masu sa hoto.

Sadiya_Khobar:
Ku kula da wanda ke sayarwa ma, ba manhajar kaɗai ba. Manyan manhajojin nan kasuwa ce, akwai kayan da su da kansu suke sayarwa, akwai na 'yan kasuwa da suka kafa teburinsu a ciki. Ana rubuta sunan mai sayarwa a ƙasan farashi. Ni na taɓa yin oda daga wani ɗan kasuwa a wata manhaja, hoto na asali, farashi rabi. Mandub, mai kawo saƙo, ya kawo, kwalin a lotse, an manne shi da salatif. Ledojin ciki babu lamba, alhali na asali in saitin ya ɗan girma ledojinsa na da lamba 1, 2, 3 don yaro ya bi a jere. Littafin haɗin kuma hoto ne aka buga dishi-dishi, ba ka bambance baƙi da ruwan toka. Na mayar, an dawo min da kuɗina, amma yaron ya riga ya gani, kukan da aka sha ba a magana. Yanzu ba na buɗe kwali a gaban yara sai na duba shi ni kaɗai.

Malam_Abdurrahman:
Ina da tambaya ga masu ilimi, ba ta farashi ba ce. 'Yan mutanen nan da ke ciki masu fuska da ido, ya hukuncinsu yake? Maƙwabcina cire musu kai yake yi kafin ya ba yara.

DanMadina_Jamia:
Malam, abin da na sani shi ne ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma malamai da dama sun kafa hujja da wannan wajen sauƙaƙa kayan wasan yara. Akwai kuma waɗanda suka ƙi masu cikakkiyar sura. Ni ɗalibi ne, ba mai fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwatunan Classic ɗin da Injiniya ya kawo lambarsu babu 'yan mutane a ciki, bulo ne da tayoyi da tagogi da 'yan idanu.

Zee_Yanbu:
Idanun fa? 😂

Admin_Garba:
Zee a bar wannan. Malam Abdurrahman, a kai tambayar zauren addini, can akwai masu amsawa. Mu koma kan farashi.

Abu_Sumayya_Riyad:
To na dawo kan maganata ta farko, tun da na ga Injiniya ya kwashe jama'a da lissafi. Rangwame ma sai an yi hattara. Ba duk jan rubutu mai cewa kashi 40 ne gaskiya ba, wani ɗan kasuwan ɗaga farashi yake yi kafin lokacin, ranar rangwame ya dawo da shi inda yake. Abin da nake yi, tun yanzu nake ɗaukar hoton farashin abin da nake so in ajiye. Akwai kuma shafin Kanbkam, kana sa kayan ya nuna maka yadda farashinsa ya hau ya sauka a baya. Sannan ka rubuta lambar saitin, ba sunansa ba, ka duba Amazon, Noon, Jarir da Toys R Us. Lamba ɗaya, farashi huɗu, sau da yawa haka nake gani. Shago kuma ba ya da ikon rataya tallan rangwame sai da lasisin Ma'aikatar Kasuwanci, in ka ga an yi maka wasa da farashi akwai lambar waya 1900 da manhajar Balagh Tijari na kai ƙara. Ka riƙe faturarka, wato rasit.

Baban_Amira:
Wani ya ce min yin oda daga Amurka ko Jamus ya fi sauƙi. Akwai wanda ya gwada?

Injiniya_Dammam:
Sai in saitin babu shi a nan. Farashin da kake gani a shafin Amurka babu haraji a ciki. Ka ɗora kuɗin aiko, kuma kwalin LEGO ƙato ne mara nauyi, kamfanonin aiko da girma suke caji. In ya iso, harajin kashi 15 na nan yana jiran ka, in kayan sun haura riyal 1000 ga kuɗin kwastan. Kafin ka farga ribar ta tafi. Mu na gabas wani lokaci mukan duba in mun haye gada zuwa Bahrain, can harajinsu kashi 10 ne, amma in ka sa kuɗin gada da mai ba wani bambanci, sai dai in dama kana da abin da ya kai ka.

Sadiya_Khobar:
In kuɗin ne ba su cika a hannu ba akwai manhajojin biya kaɗan-kaɗan, Tabby da Tamara, a raba miki kashi huɗu ba ƙari.

Kawu_Sale_Makka:
Bashi a kan kayan wasa? 'Yata Sadiya, wannan kam ban goyi baya ba. Firji ne ko injin wanki? In babu a jira. Yaro ba ya mutuwa don an ce masa sai wata mai zuwa.

Hajiya_Balaraba_KJ:
Alhaji Sale yau dai mun haɗu a layi ɗaya. Su masu son kai wa 'yan gida tsaraba kuma, ku cire ledojin daga kwali, ku ninke kwalin ku shimfiɗa a ƙasan akwati, littafin a tsakanin kaya. Kwali ɗaya in ka bar shi yadda yake ya cinye wurin abaya biyar. In ka isa ka mayar ka manne. Sai dai in sayarwa za ka yi, mutanen Kano ba sa son abin da aka buɗe.

DanMadina_Jamia:
Littafin ma in ya ɓata ba matsala, Hajiya. Ka sa lambar saitin a shafin LEGO ko manhajar LEGO Builder, umarnin haɗin kyauta ne. Shi ya sa na hannu mara littafi ba ya ba ni tsoro, dalilin neman ragi ne ma.

Baban_Amira:
Har yanzu ni dai ina kan bakana. Gara in sayi na asali ƙarami sau ɗaya a shekara. Na Amira tun tana 'yar 5 suke, ƙannenta biyu sun gada, har yau suna kamawa, in na so sayarwa a Haraj akwai mai saye. Na bokiti wa zai saya a hannunka?

Hajiya_Balaraba_KJ:
Ni da ba sayarwa zan yi ba? In sun ɓace a share a zubar, raina ba ya ɓaci. Kai kuwa guda ɗaya ya faɗa magudanar banɗaki sai ka kira mai famfo.

Zee_Yanbu:
Hajiya ta gama da kai Baban Amira 😂😂

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai jama'a. Na sa 10696 da 10698 a kwando na ɗauki hoton farashinsu, zan ga abin da 11.11 zai yi. Duplo kuma na sami wata a Haraj a unguwar Safa, ta ce riyal 120, na ce ta turo hoton ƙululun kusa-kusa, ba ta amsa ba tukuna. Babansu kuma da na nuna masa maganganunku cewa ya yi shi yana bayan Hajiya Balaraba, gobe zai biya ta Balad.

Abu_Sumayya_Riyad:
Kada ki yi saurin biya a 11.11, na ƙarshen wata yakan fi.

Injiniya_Dammam:
Ba kullum ba, Abu Sumayya. Classic na cikin waɗanda ke saurin ƙarewa, in ya ƙare a hannun manhajar sai 'yan kasuwa su rage, su kuma su ɗaga. In ya sauko ƙasa da halala 25 a guda ki ɗauka kawai, Maman Hanif.

Malam_Abdurrahman:
Wai Sluban ɗin nan da aka ambata, a Makka wane shago ake samunsa? Kuma yana shiga cikin Duplo ko sai ƙananan?